Rigar kariya ba ta maye gurbin bincike

Tun lokacin da Ma'aikatar Harkokin Teku ta tarayya ta fara rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohin da ke bakin ruwa a shekarar 2025, sannan ministanta, Adegboyega Oyetola, ya bi da kiran a daina amfani da kwalekwalen katako, jami'ai suka samu amsa guda da suke bayarwa a duk lokacin da jirgi ya kife da mutane. Kafin masunta su gama tsamo gawarwaki, sanarwa ta riga ta fito cewa lodi ne ya yi yawa, ko tafiyar dare aka yi, ko fasinjoji sun ƙi sanya rigar da aka raba musu. Wannan gaggawar yanke hukunci ita ce ta dame ni, domin tana nuna cewa hukumomi sun ɗauka sun riga sun san musabbabi, saboda haka babu sauran abin bincika.

Babu mai hankalin da zai yi jayayya da amfanin rigar kariya. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife, kuma ba ta da abin cewa game da dalilin kifewarsa. Lodi fiye da ƙima gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa mutum ɗari da wani abu, da buhunan hatsi da babura, suke cunkusuwa a jirgi ɗaya? Galibi saboda kasuwa sau ɗaya take ci a mako, jirgin da ke fito ɗaya ne ko biyu, gada babu, hanyar mota kuma ko ta lalace ko 'yan bindiga sun tare ta. Matar da ta san idan wannan jirgi ya tashi ba za ta sayar da kayanta ba sai wani makon, za ta shiga ko da ruwa ya kusa taɓa bakin jirgin. Wanda ya kira wannan ganganci ya yi shiru, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko adadin waɗanda ke cikin jirgi ba mu iya sani. Lokacin da jirgi ya tarwatse a kusa da Warrah ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, alƙaluma iri-iri aka yi ta bayarwa, kowane jami'i da nasa ƙiyasin, domin babu wanda ya rubuta sunan ko mutum ɗaya kafin a tashi. Haka aka yi a Fatigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu, haka kuma a Gbajibo ta Mokwa a Jihar Neja a farkon Oktoban 2024, inda aka ce kusan mutum 300 ne suka shiga jirgi domin zuwa Maulidi. Ana daina nema ne idan masu ninƙaya suka gaji, ba don an tabbatar an samu kowa ba. Akwai gidajen da har yau ba su ga gawar nasu ba, kuma sunayensu ba sa cikin kowace takardar gwamnati. Hukumar da ba ta san yawan waɗanda suka hau ba, da wane ma'auni ta gano cewa nauyi ne ya kifar da jirgin, ba ruɓaɓɓen katako ko kututture ba?

Batun kututture kansa ya isa misali. Da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, itatuwan kuma suka zauna a ƙarƙashinsa. Duk matuƙin da ke fito tsakanin Yawuri da Borgu ya san da su, ya kuma san cewa hawa da saukar ruwa suna sauya wanda ke ɓoye da wanda ke bayyane. Share hanyar ruwa da sanya mata alamomi aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta tarayya, mai hedkwata a Lokoja. Ita ce kuma ke rajistar jirage, ita ce ke karɓar kuɗi, ita ce ya kamata ta tsaya a tasha ta hana lodi. To idan hatsari ya auku sannan jami'inta ne ya fara fitowa ya faɗi musabbabi, an mai da wanda ake tuhuma alƙali. Ba zai taɓa cewa alamar da bai sanya ba ce ta jawo asarar rayuka.

Mun taɓa ganin irin wannan a sufurin sama, kuma mun ga yadda aka fita daga cikinsa. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansa. Nan take ministan lokacin ya ɗora laifi a kan matuƙi. Da masu bincike suka zauna da na'urorin naɗar bayanai, sun tabbatar cewa an tashi cikin mummunan yanayi, amma ba su tsaya nan ba: sun bi diddigin irin horon da kamfanin ya bai wa matuƙansa kan iskar da ke sauya alkibla farat ɗaya, suka kuma gano giɓi a ƙa'idojin aikinsa. Daga baya aka girka na'urorin gargaɗi kan irin wannan iska a manyan filayen jirage. Rahoton ƙarshe kan jirgin Dana da ya faɗi a Legas a 2012 sai a 2017 ya fito, amma ya fito, kuma kowa na iya karanta yadda injuna biyu suka mutu da yadda matuƙan suka ƙi sauka a filin da ya fi kusa. Tun daga wancan hatsari ba a sake samun jirgin fasinja da ya faɗi ya kashe sama da mutum ɗari a Najeriya ba, alhali kogunan Neja da Binuwai da rassansu suna cin ɗaruruwa cikin 'yan shekaru.

Ko a layin dogo an ga bambancin. Da jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan layi a Asham a watan Agustan 2025, rahoton farko na NSIB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasa, ya nuna yatsa ga rashin kula da layin da kuma na'urar sauya hanya da ba ta aiki yadda ya kamata. Babu wanda ya ce fasinjoji ne suka jawo wa kansu. Ita wannan NSIB, dokar 2022 ta ba ta ikon binciken hatsarin sama da na ƙasa da na ruwa baki ɗaya, amma tushenta da yawancin ƙwarewarta na jiragen sama ne, kuma abin da take rubutawa da Turanci ba ya isa kunnen matuƙin kwalekwalen da ke Malale ta Jihar Neja ko Goronyo ta Jihar Sakkwato. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: ana bincika mutuwar wanda ya sayi tikiti, ana yi wa ta mai kuɗin fito ta'aziyya da buhun shinkafa. Ɗaliban Islamiyyar da suka nutse a madatsar Watari a Bagwai a 2021 ba su fi kowa arhar rai ba.

Masu cewa ƙaddara ce kawai sun manta cewa an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Masu cewa a haramta kwalekwalen katako kuwa ba su faɗa mana da me mutanen tungaye za su je asibiti da kasuwa gobe da safe ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin riguna 42,000 wahala ba. A cire bayyana musabbabi daga bakin NIWA da gwamnatocin jihohi, a bar wa NSIB, a kuma ba ta masu binciken ruwa da za su zauna kusa da kogi maimakon su taso daga Abuja bayan kwana uku, lokacin da ragowar jirgin ta riga ta bi ruwa. A saurari sarakunan ruwa da masunta a matsayin shaidu, tunda su ne ke fara isa wurin. A karanta sakamakon kowane bincike a rediyo da Hausa da Nufanci. Sannan a kowace tasha a ajiye littafi da mutum ɗaya da zai rubuta sunan duk wanda ya taka jirgi kafin a kunna inji.