Maganin Ido da Katan ɗin Lemo

Aikina a wani kamfanin lemo ne a Challawa, nan Kano. Kwalabe na wucewa a kan bel, kyamara na ɗaukar hotonsu, ni kuma na ƙura wa allon kwamfuta ido ina neman wadda bakinta ya tsage ko datti ya maƙale a gindinta. Tun safe har la'asar, kwalba na bin kwalba.

Da tafiya ta yi tafiya, idanuna suka fara yaji kamar an watsa musu barkono, ga gani dishi-dishi da yamma. Na hagu ma har rawa yake yi. Hajiyarmu ta ce baƙo zan yi. Baƙon da ya iso dai ciwon kai ne, bai kuma yi sallama ba.

Likitan ido ya haska ni da 'yar fitilarsa ya ce, "Malam, ai ba ka ƙiftawa." Wai mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya kafa wa allo ido sai abin ya ragu da rabi ko fiye, ruwan da ke jiƙa idon ya bushe. Ga sanyin na'ura a ɗakinmu, ga iskar hunturu a waje. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce in sassauto da allon ƙasa kaɗan, in riƙa ƙiftawa da gangan, sannan duk minti 20 in kalli wani abu mai nisan ƙafa 20, wajen mita 6, na daƙiƙa 20.

To, a ɗakinmu bango ne ta ko'ina. Abu ɗaya tak ke da wannan nisan: tagar gilashin ofishin oga.

Na kama aiki da umarnin likita tsakani da Allah. Minti 20 na cika sai in ɗago, in zuba wa tagar ido, in ƙifta a hankali, in sake ƙiftawa, in koma kan kwalabena.

Ranar Alhamis masinja ya ce ana nemana. Na shiga gabana na faɗuwa. Oga ya rufe ƙofa da kansa, ya rage murya.

"Malam, tun Litinin kake kashe mini ido. Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ai likita ne..."

"Bar zancen likita. Ƙwallon nan da nake kallo a waya, sharhi ne kawai, ba ya wuce minti biyar. Ba sai manaja ya ji ba."

Ya turo mini katan ɗin lemo da ƙafa. Ni da ko kansa ba na bambancewa da fankar da ke bayansa daga inda nake zaune! Na buɗe baki zan yi bayani, idon hagun nan ya zaɓi lokacin ya yi rawarsa.

Oga ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Shi ke nan, ɗauki biyu."