Jackie Stewart, Zakaran Da Ya Ɗaure Sifana A Sitiyari

Duk lokacin da masu bibiyar tseren motoci na Formula 1 suka fara musun wane ne gwanin gwanaye, lissafi ake kawowa. Michael Schumacher na da kambu bakwai, Lewis Hamilton ma bakwai, Juan Manuel Fangio biyar. Daga nan sai kowa ya kama nasa ya riƙe. Ni ban yarda lissafi zai raba wannan gardama ba. A shekarun da Fangio yake lashe kambu, daga 1951 zuwa 1957, tseren da ake yi a shekara bai kai goma ba. A 2024 an yi 24. Fangio gaba ɗayan rayuwarsa tsere 24 ya ci a gasar Formula 1 ta duniya, amma hakan kusan rabin duk waɗanda ya shiga ne, kuma da motocin kamfanoni huɗu ya ɗauki kambunansa. To ta ina za a auna?

In aka ce a tuna da zakarun da suka shuɗe, tambayar da ta fi dacewa ita ce me mutum ya bari bayan ya ajiye hular kwano. A wannan ma'auni, nawa gwanin shi ne Jackie Stewart ɗan Scotland, mai kambu uku kacal, na 1969 da 1971 da 1973.

A 1966, a filin Spa na ƙasar Beljiyam, ruwan sama ya tsuge ana tsaka da tsere, motar Stewart ta ƙwace ta bar hanya. Ya maƙale a ciki, sitiyari ya danne shi, tanki ya fashe fetur yana ta kwarara a jikinsa, har kusan minti 25. Babu ma'aikatan ceto a kusa. Direbobi biyu da su ma suka yi hatsari a wurin, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka aro kayan aiki a hannun wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Motar asibitin da ta ɗauke shi kuma ta ɓata hanya kafin ta kai shi. Bayan wannan ne ya riƙa ɗaure sifana a jikin sitiyarinsa, ya kuma ɗauki likitan kansa yana yawo da shi.

Da a nan ya tsaya, da sai a ce mutum ne mai son ransa. Amma ya tasa masu filaye da masu shirya gasa a gaba: a sa shingen ƙarfe a gefen hanya, a tanadi likitoci da 'yan kwana-kwana, direba ya ɗaura bel, ya sa hular da ke rufe fuska baki ɗaya. Ya haɗa kan direbobi suka ƙi zuwa Spa a 1969, aka soke tseren. A 1970 suka ƙi filin Nürburgring na Jamus, dole aka mayar da tseren Jamus zuwa Hockenheim. Masu filaye sun tsane shi don gyaran kuɗi yake ci, wasu 'yan jarida kuma suka ce tsoro ne. Wanda ake kira matsoracin nan kuwa shi ne ya ci tseren Nürburgring na 1968 cikin ruwa da hazo, da rauni a wuyan hannu, ya ba na biyu ratar minti huɗu.

Ba banza yake faɗa ba. Jim Clark, zakaran 1963 da 1965, ya mutu a Hockenheim a watan Afrilun 1968. Jochen Rindt ya mutu a filin Monza na Italiya a 1970, kuma makin da ya riga ya tara ya ishe shi zama zakara, aka ba matarsa kofin. A Oktoban 1973 abokin aikin Stewart, François Cevert, ya mutu a Watkins Glen ta Amurka ana gwajin motoci. Washegari ne ya kamata Stewart ya yi tserensa na 100. Bai hau motar ba, ya tsaya a 99.

Niki Lauda na Austriya ya bi wannan sawu ta hanyarsa. Ya nemi a ƙaurace wa Nürburgring a 1976, direbobi suka kaɗa ƙuri'a ya sha kaye, kuma a tseren nan ne motarsa ta kama da wuta ta ƙona masa fuska. Mako shida ya dawo, ya zo na huɗu a Monza. Kowa na ba da wannan labari. Wanda ni ya fi burge ni shi ne na ƙarshen kakar a Fuji ta Japan, inda ya ga ruwan ya yi yawa ya ajiye mota da kansa, James Hunt ya ɗauki kambun da ratar maki ɗaya.

Na san masoyan Ayrton Senna, zakaran Brazil da ya mutu a tsere, ba za su ji daɗin wannan jeri ba. Suna da hujja. Babu wanda ya ga yadda yake tuƙi cikin ruwa da zai musa baiwarsa, kuma gidauniyar da 'yar uwarsa Viviane ta kafa da sunansa tana aikin ilimin yara a Brazil har yau. Sai dai mutuwa takan sa a daina faɗin laifin mutum. Senna ne ya daki motar Alain Prost a kwanar farko ta Suzuka a 1990 ya tabbatar da kambunsa, kamar yadda Schumacher ya kai wa Jacques Villeneuve karo a Jerez a 1997 har aka cire shi daga jadawalin shekarar. Waɗannan ma suna cikin abin da suka bari, kuma matasan direbobi sun gani sun koya.

Abin takaici, sai da Senna ya mutu a Imola ranar 1 ga Mayun 1994, kwana ɗaya bayan mutuwar direba Roland Ratzenberger a wannan fili, sannan hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta yi gyaran da ya kai gyara a jikin motoci da filaye. Daga nan aka yi shekara ashirin ba a sake hatsarin da ya kashe direba a tseren Formula 1 ba, sai na Jules Bianchi a Suzuka a 2014.

Har yanzu ana jin masu cewa an cire wa wasan gishiri, wai haɗarin ne daɗinsa. Mai wannan magana yawanci a kan kujera yake gaban talabijin. Ko da aka zo da halo, ƙarfen da ke kewaye kan direba, wanda aka wajabta a 2018, direbobi da dama sun kushe shi, har da Hamilton da ya ce muninsa ya yi yawa. A 2020 Romain Grosjean ya fito da ƙafarsa daga motar da ta rabe biyu tana ci da wuta a Bahrain. A 2021 kuma motar Max Verstappen ta hau kan ta Hamilton a Monza, taya ta sauka daidai kansa, kuma da bakinsa ya ce halo ne ya cece shi.