Birkin hannu bai riƙe Baba ba

Land Rover ɗin da na jawo daga tashlih, wato makabartar motoci, a bayan garin Jidda ƙirar Series IIA ce, doguwar nan mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, da injin fetur lita 2.25 mai silinda huɗu. An yi wannan ƙira daga 1961 zuwa 1971, kuma wanda ya sayar mini ya rantse tawa ta 1965 ce, ko noti ba a taɓa kwancewa ba. Bodinta kam babu tsatsa, amma ba abin yabo ba ne, alminiyom ne. Abin da danshin Bahar Maliya yake ci shi ne shasi, da bangon ƙarfen da ya raba injin da direba, musamman wurin ajiye ƙafa. A tawa, kana tuƙi kana kallon kwalta tana wucewa ta ƙarƙashin takalminka. Sai da mai walda ya yanke wurin ya ɗora sabon ƙarfe.

Mu Hausawan Jidda da Makka masu cutar tsofaffin motocin jeji muna da littafin da ake rubuta motocinmu. Yawancinmu Land Cruiser FJ40 suke riƙe da ita, wadda Toyota ta yi daga 1960 zuwa 1984, kuma sun ɗauki mu 'yan Land Rover a matsayin mutanen da ya kamata a riƙa yi wa addu'a. Littafin yana hannun wani dattijo, tsohon bakanike, duk Baba muke ce masa. Ba ya rubuta mota da labari. Sai ya zo da guduma, da mayen ƙarfe, da tocila, da buroshin waya. Guduma ta ƙwanƙwasa shasi ce, in ya ji sauti ya mutu to tsatsa ta cinye ciki. Mayen ƙarfe na bangon gaba ne, inda ya ƙi kamawa an cike rami da ƙullu an shafa fenti.

Ranar da aka sa mini, aka haɗu a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a hanyar Usfan. Baba ya kwanta a ƙasa da farar jallabiyarsa, ya goge maƙalin sifirin na gaba ta hannun dama, inda aka buga lambar shasi. Lambobi takwas ne da harafi ɗaya a ƙarshe: ukun farko suna faɗin irin motar da gefen da sitiyari yake, harafin yana nuna canje-canjen da kamfani ya yi kafin a haɗa ta. Ya gwada da farantin da ke cikin mota, suka dace. Ya ɗauki hoton lambar injin, da ta giya, da ta aksil. In mutum yana son ranar da motarsa ta fito daga masana'antar Solihull, lambar shasin nan yake aikawa gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila, su duba kundinsu su ba shi takarda.

Ina ta murmushi, sai ya miƙe ya tsaya a gabanta.

"Ɗana, fitilun nan wa ya kai su kan fukafukan saman tayoyi?"

"Haka na same ta, Baba."

"Ta 1965 fitilunta a tsakiya suke, gefen ragar lagireto. Sai ƙarshen shekarun 1960 aka fitar da su waje. Buɗe bonet."

Na buɗe. Kafireta Zenith ce, alhali Solex ya kamata a gani a wannan shekara. Maƙalan ƙofa na Series III ne, wadda ba ta fito ba sai 1971. Mutumin tashlih bai yi ƙarya ba, notin ne kaɗai ba a taɓa ba, duk sauran an canza.

Injin dai ya fitar da ni kunya, don a kansa na zuba ƙarfina. Tazarar bawul milimita 0.25, ta shiga da ta fita. Tazarar kwantak tsakanin 0.35 da 0.40. Wayoyin fulogi a jere 1-3-4-2. Ta tashi bugu ɗaya tana numfashi a hankali, har wani ɗan FJ40 ya ajiye kofin gahawarsa ya matso. Baba ya ce a zagaya da shi.

Kafin mu motsa ya zaro wayarsa ya ce caji ya yi ƙasa. Ɗan yayata ya riga ya yi mini gwaninta ya ɗaura soket a gaban mota, sabo fil. Baba ya cusa cajarsa, ta yi ɗan tsaki, hayaƙi siriri ya tashi, wari ya cika mota. Irin wannan Land Rover kafin 1967, kan batir mai alamar tarawa shi ake haɗawa da jikin mota, akasin duk motar da yaron ya taɓa gani. Soket ɗin ya ɗauki wuta a juye. Maganin abin biyu ne: ko a ja wa soket wayoyinsa biyu a raba shi da bodi, ko a juya motar gaba ɗaya, wato a juya batir, a musanya wayoyin kwayil da na agogon caji, sannan a ɗan taɓa ƙaramar tashar dinamo da waya daga batir don ta san sabuwar alƙibla. Na soma yi wa Baba wannan bayani, ya ce tun kafin a haife ni ya sani, in ja mota.

Giya ta ɗaya da ta biyu a wannan ƙira ba su da abin daidaita gudu, sai ka taka kuloci sau biyu kana ɗan ba ta wuta a tsakani, in ba haka ba ta yi maka gurnani a gaban baƙi. Wannan na iya. Muka fita ta bayan istiraha, inda akwai ɗan hawa mai tsakuwa. Na tsaya a tsakiyarsa don in nuna yadda take tashi a kan tudu. Na ba ta wuta, na saki kuloci, sai ƙas! daga baya. Injin yana ihu, mota ba ta zuwa ko'ina.

Shaf ɗin aksil na baya ne ya tsinke, wato sandar ƙarfen da ke juya taya. Mai haƙora goma ne, kuma duk mai Series ya san halinsa. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne sandar nan mai rawayan kai da ke kusa da giya. In ka danna ta, tayoyi huɗu suke ja, kuma babu abin da ke raba gudun gaba da na baya. A yashi tayoyi suna sulɓewa su huce. A kwalta babu sulɓi, sai ƙarfe ya riƙa murɗewa yana tara gajiya. Daga baya ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai na danna ta ranar da na je sayo burodi, na ga ta ƙi dawowa." Ba ta dawowa da ja. Sai ka tsaya, ka jawo ɗaya sandar mai jan kai baya, mai rawaya ta yi tsalle da kanta, sannan ka mayar da mai jan kan gaba. Ya zagaye rabin unguwa a haka kafin wani ya nuna masa.

A kan tudun dai na ja birkin hannu har ƙarshe, na kashe injin, na sa giya, na sauka in leƙa. Na durƙusa ke nan sai na ga tayar da nake kallo tana tafiya.

Birkin hannun Land Rover ba ya kama tayoyi. Ganga ce a bayan akwatin giya, farfela take riƙewa. In shaf ɗaya ya tsinke, farfela tana nan daram, dif, wato giyar tsakiyar aksil da ke raba juyi ga tayoyi, yana juya gutsuren da ya karye, tayoyi kuma sun sami 'yanci. Giyar da na sa ma farfelar take riƙewa. Mota ta kama hanyar komawa istiraha da baya, a natse, da Baba a ciki da littafi a cinyarsa.

"Baba, birkin ƙafa! Ku taka birkin ƙafa!"

Ya tsallake sandunan nan uku da jallabiya, ya taka. Feda ta tafi har ƙasa. Birkin gaba na 109 ganga ce mai inci 11 da silinda biyu a kowace taya, kuma iska tana son maƙalewa a ta sama. Kafin a fitar da ita sai an sassauta masu daidaita takalman birki gaba ɗaya, an matse fistin ciki, an zuƙe, sannan a sake ɗaurewa. Tawa tana kamawa sarai, a taku na biyu. Ina bin ta da gudu ina ihun "Ku ƙara! Ku ƙara!", shi kuma ya ɗauka salati nake cewa ya ƙara, ya ɗaga murya. Tankin ruwan mai istiraha ne ya tare su. Na roba ne, ya lotsa, murfinsa ya yi sama, ruwa ya sauko ta tagar rufi.

Baba ya fito yana ɗiga, ya ɗaga littafi sama da hannu ɗaya. Bai ce mini komai ba. 'Yan FJ40 kuwa har da mai kawo igiya, wai ko a ja ni. Ban ba su wannan daɗin ba. Aksil ɗin baya irin wanda shaf ba ya ɗaukar nauyin mota ne, don haka noti shida na kwance a tsakiyar kowace taya, na zaro shaf biyun ba tare da na ɗaga mota ba, na cire farfelar baya, na mayar da murafen, na danna mai rawaya, tayoyin gaba suka kai ni gida a hankali.

Gutsuren yana cikin dif, don haka sai da na tsiyaye mai, na sauke dif, na fitar da shi, na wanke ɓarɓashin ƙarfe da kananzir. Man giya mai lamba 90 yake sha, wajen lita 1.7. Shaf na ɗaya gefen ma haƙoransa sun karkace, shi ya sa ake canza su tare. Na yi odar biyu, na biya kuɗin tanki, na saya wa Baba caja. Da kayan suka iso na ƙirga haƙora, 24 ne, na aksil ɗin Salisbury da ke ƙarƙashin doguwar Series III. Na kira mai kayan, ya ce ai duk Land Rover ce, in ɗan buga da guduma.