Zare da dunƙulen ƙarfe sun fi koyar da fiziks

Makon jiya wani abokin aikina Bature ya tambaye ni yadda muka auna ƙarfin jan ƙasa a sakandare. Na ce da zare da dunƙulen ƙarfe da agogon hannu. Sai ya ce, "Ayya," da muryar tausayi. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Ga yadda ake yi a jami'ar da nake taya ɗalibai gwaji a arewacin Ingila. Maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da ƙwallon ƙarfe a sama. Ɗalibi ya danna maɓalli, ƙwallon ta faɗo ta ratsa ƙofofi biyu masu hasken da ido ba ya gani, kwamfuta ta ɗauki lokacin, ta zana layi, ta fitar da 9.81, lambar ƙarfin jan ƙasa. Ɗakin tsaf, kowane ɗalibi biyu da na'urarsu. Na yarda akwai daidaito. Amma ka tambayi yaro me ya sa ƙwallo mai nauyi ba ta riga marar nauyi isa ƙasa ba, sai ya juya ya kalli allon kwamfuta.

Mu kuwa kun san yadda muke yi. Ka rataya dunƙulen ƙarfe a zare ya zama lilo, ka ƙirga kai-komonsa ashirin da bakinka, ka rage zare, ka sake. A hannunka kake gane cewa zare mai mita ɗaya yana cin kusan daƙiƙa biyu. Gaskiya ne agogo ɗaya mutum goma, wasu kuma su gyara lambobi don amsar jan ƙasa ta faɗa kan 10. Wannan laifin rashin kaya ne.

Kuma da irin wannan lilon ne Jean Richer, masanin taurari Bafaranshe, ya gano a 1672, a garin Cayenne na Kudancin Amurka kusa da ikwaita, cewa agogonsa yana jinkiri fiye da yadda yake a Paris. Jan ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina: a Ingila kusan 9.81, a Kano kusan 9.78. Babu malamin da ya taɓa faɗa mana haka. Mun haddace lambar littafi, muka bar ta ƙasar da muke takawa. Ina so in ga ranar da yaro a Bichi ko Damagaram zai rataya zarensa, malami ya ce masa lambar garinsu yake nema.