Feynman da kofin ruwan ƙanƙara

Ranar 11 ga Fabrairun 1986, ana tsaka da zaman kwamitin binciken fashewar kumbon Amurka mai suna Challenger, wanda ya hallaka mutum 7 daƙiƙa 73 bayan tashinsa, Richard Feynman, masanin fiziks ɗan Amurka da ke cikin kwamitin, ya sa aka kawo masa ruwan ƙanƙara. Ya matse guntun roba irin wadda aka toshe mahaɗar rokar da ita, ya tsoma a kofi, ya ɗan dakata. Da ya zaro ya saki, robar ta ƙi komawa yadda take. Haka sanyin safiyar da aka harba kumbon ya sandarar da robar da ke jikin rokar, iskar gas mai zafi ta samu kafa. Injiniyoyi sun san da matsalar tun kafin nan, amma sai a ranar ne talakan Amurka ya gani da idonsa a talabijin.

Ni a wurina, wannan kofi ya fi lambar Nobel da ya samu a 1965 tare da masana fiziks Schwinger da Tomonaga bayyana ko wane ne shi. Malami ne da ba ya yarda an san abu har sai an iya nuna shi.

Abin da ya tarar a Brazil a farkon shekarun 1950 shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗalibansa a Rio de Janeiro sun haddace ma'anar kowace doka ta haske, kalma ba ta kuɓuce musu. Sai ya nuna musu hasken rana yana dawowa daga kan ruwan teku ta taga, ya tambaye su me suke gani. Shiru. Ba su san karatun da ke bakinsu ne ke walƙiya a gabansu ba. Duk wanda ya ci jarabawar fiziks a makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ke garƙame ya san wannan shirun. Ni ma na sani.

Ba waliyyi ba ne. Ya yi aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos, yana da son a gan shi, kuma yadda yake ba da labarin mata abin kunya ne. Hatta darussan da ya bayar a jami'ar Caltech daga 1961 zuwa 1963, shi da kansa ya yi shakkar ko ƙananan ɗaliban sun amfana. Ya rasu a 1988, darussan kuwa suna nan kyauta a intanet, malamai na ta komawa kansu.