Kafin Ka Roƙi Honarabul Buhun Shinkafa, Tambaye Shi Labarin Babban Banki

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Kun san yadda ƙofar gidan ɗan majalisa take cika duk ranar da ya sauka gida hutun Sallah. Tun da sassafe an shimfiɗa tabarmi, takalma sun yi tsibi a bakin zaure. Wannan yana riƙe da takardar asibiti, wancan yana so a sa sunansa cikin masu samun keke mai ƙafa uku, wani kuma kuɗin makarantar ƙaninsa ya kawo shi. Ban ga laifin kowa ba, babu ce take sa mutum zaman jiran ambulan. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka ji wani a cikin taron ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon gwamnan Babban Banki ya zo gabanku ya yi bayani, kuma me kuka tambaye shi?" Alhali kuwa wannan tambayar ta fi ambulan ɗin kusa da aljihunmu. Dubu goman da za a miƙo maka, darajarta a kasuwa tana hannun waɗanda ba ka taɓa neman a bincika aikinsu ba.

Da yawa cikinmu mun ɗauka CBN, wato Babban Bankin Najeriya, wani gida ne na masu kwat a Abuja, babu ruwan talaka da shi. Ba haka doka ta tsara ba. Dokar Babban Bankin ta 2007 ta ce shugaban ƙasa ne ke zaɓo gwamna, amma sai Majalisar Dattawa ta tantance shi ta amince, kuma ba a tsige shi sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na sanatoci. Ta ce gwamnan ya riƙa bayyana a gaban Majalisar Tarayya sau biyu a shekara yana bayanin manufofinsa. Sashe na 50 ya ce cikin wata biyu da rufe shekara, bankin ya aika wa majalisa da shugaban ƙasa lissafin kuɗinsa wanda masu bincike suka tantance. Ga kuma sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki, da suka ba majalisa ikon kiran kowa ta bincike shi, har ta sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira. Sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360 ke riƙe da wannan iko, kuma mu muka tsaya cikin rana muka dangwala musu.

To me suka yi da shi?

Mu ɗauki maganar rance. Sashe na 38 na dokar ya yarda Babban Banki ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na wucin gadi idan ta shiga matsi, da sharaɗi biyu: kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekarar ta ƙare. A ƙarshen 2022 shugaba Buhari ya aika wa majalisa takarda yana neman a mayar da wannan rance bashi na dogon zango. Nawa ya taru? Naira tiriliyan 22.7. Kuɗin shigar gwamnatin tarayya na shekara guda gaba ɗaya a lokacin bai kai rabin wannan ba, balle a yi zancen kashi 5. Shekaru aka yi yana taruwa majalisa na zaune. An yi hayaniya a zauren dattawa a watan Disamba, wasu sanatoci suka ce sai an kawo musu bayanin inda kuɗin suka tafi. Amma a watan Mayun 2023, ana shirin sauka daga mulki, aka amince da shi, a biya cikin shekara 40 da ruwa kashi 9 cikin ɗari. Kai mai shekara ashirin da biyar yau, kai da 'ya'yanka za ku biya. Sannan a ƙarshen 2023 aka sake amincewa da wani tiriliyan 7.3.

Irin wannan rance ba daga asusun wani aka ɗauko shi ba, ƙirƙirarsa ake yi. Kuɗi su yi yawa a hannu, kaya a kasuwa ba su ƙaru ba. Kamar mai nono ce ta ƙara ruwa a ƙwarya, ƙwaryar ta cika amma kowane ludayi ya rage ƙarfi. Ba na cewa shi kaɗai ne ya jawo tsadar rayuwa. Cire tallafin fetur yana ciki, rashin tsaro da ya kori manoma daga gonaki yana ciki, sakin farashin dala a watan Yunin 2023 yana ciki, wanda ya kai ta daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024. Sai dai lokacin da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kason wancan rance na nan a cikin lissafin, ko da ba a rubuta shi a jikin kwanon masara ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun lissafin shekara. Sai a watan Agustan 2023, bayan an dakatar da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, an kuma naɗa Jim Obazee ya binciki bankin, aka fitar wa jama'a lissafin shekarun 2016 zuwa 2022 a tare. A ciki ne 'yan ƙasa suka ga cewa bankunan Amurka biyu, JP Morgan da Goldman Sachs, suna bin Babban Bankinmu dala biliyan 7.5. Shekara bakwai. Da ma'ajin ƙungiyar unguwa ne ya yi shekara biyu bai karanta lissafi ba, da tuni mun tara masa jama'a. Wannan kuwa ma'ajin ƙasa ne baki ɗaya, muka yi shiru, wakilanmu ma suka ga babu mai matsa musu.

Canjin takardun Naira kuwa ba sai na ba ku labari ba. An sanar ranar 26 ga Oktoban 2022, kuma 'yan kwanaki bayan haka ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta faɗa a gaban sanatoci cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Kun tuna Fabrairun 2023. Mutane suna bin layin ATM tun kafin asuba, a rubuta musu lamba a takarda, rana ta take a ce kuɗi sun ƙare. Mai POS ya cire dubu ɗaya ko fiye a cikin dubu gomarka, wato kana sayen kuɗinka da kuɗinka. A kasuwannin ƙauye, mai tumatir da ba ta da asusun banki ta zauna kayanta na ruɓewa, mai akuya ya koma gida da akuyarsa don bai yarda da tiransifa ba. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, gwamnan bankin ya yi ta ƙin zuwa, sai da kakakin majalisa Femi Gbajabiamila ya yi barazanar sa a kamo shi sannan ya bayyana. Ashe ikon na aiki idan an ga dama. Amma an makara, sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo.

Kada wani ya ce mini magana ba ta tasiri. A watan Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ake turawa ta waya, da sunan harajin tsaron intanet. Jama'a suka yi ca, ƙungiyoyin ƙwadago suka sa baki, Majalisar Wakilai ta ce a janye, kuma cikin watan aka janye takardar. Me ya bambanta wannan da tiriliyan 22.7? Kowa ya gane za a taɓa asusunsa kai tsaye, shi ya sa ya yi ihu. Wancan kuwa a hankali ya riƙa cin mu, ta bakin mai shago.

Nasihata ita ce mu daina barin maganar a Facebook da majalisar mai shayi kaɗai. Zagin honarabul a ƙarƙashin hotonsa ba ya shiga kundin majalisa, rubutaccen koke ne yake shiga. Kowane zaure yana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kuma ɗan majalisa ne ke gabatar da takardar a madadin mutanen mazaɓarsa. Ku haɗu a matsayin ƙungiya, ta 'yan kasuwa ce, ta manoman shinkafa, ta masu POS ko ta ɗalibai, ku rubuta shafi ɗaya, ku sa sunaye da hannu da lambar waya. Kada ku cika takardar da kirari ko kuka. Ku yi tambayar da ke da amsa: an miƙa wa majalisa lissafin bara a kan lokaci? Nawa ne rancen da gwamnati ta ci daga bankin a bana? Kwamitin da Majalisar Dattawa ta kafa a 2024 ƙarƙashin Sanata Isah Jibrin don binciken wannan rance, ina rahotonsa, me aka yi da shi? Mu 'yan Arewa muna da ƙarin tambaya. Shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya laƙume sama da Naira tiriliyan ɗaya, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a 2022. Su wa suka karɓa, nawa aka dawo da shi, kuma manoman gaskiya nawa ne a ciki? Idan a cikinmu akwai waɗanda suka ci bashin suka ɗauke shi rabon ganima, su ma a faɗa, don neman gaskiya ba ya zaɓen gida.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati yana neman bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai. Ba sai kana da lauya ba.

Wani hanzari guda. Neman sa ido daban, neman 'yan siyasa su karɓe ragamar bankin daban. Ba ma so sanata ya riƙa yanke kuɗin ruwa ko ya raba wa yaransa dala. Ai kusancin bankin da siyasa ne ya jefa mu a wannan hali, har ta kai a 2022 aka saya wa gwamnan bankin mai ci a lokacin fom ɗin takarar shugaban ƙasa. Idan kuka ji ana shirin gyara dokar bankin, ku nemi a karanta muku abin da za a canza, domin a Mayun 2023 gyaran da sanatoci suka amince da shi na ɗaga iyakar rancen ne daga kashi 5 zuwa 15, ba na ƙara tsaurara ta ba. Ku tambayi naku wakilin ɓangaren da ya tsaya.

In kun kai takardar ofishin mazaɓa, ku tafi da kwafi biyu. A buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi, ku ɗauki hotonsa, ku kai gidan rediyon garinku a karanta a shirin safe. Bayan wata guda ku koma ku ji inda aka kwana, in an ce honarabul yana Abuja, ku nemi ranar da zai dawo.