"Ku kai ta gida" ba magani ba ne

Shekaranjiya na yi rubutu kan abin da aka faɗa mana a asibiti game da Gwaggo, wadda ke fama da sankarar mama. Har yanzu maganar nan na ci mini rai: "Ku kai ta gida, ba abin da za mu yi mata." Daga bakin ƙofa ma'aikacin asibitin ya faɗa, a tsaye, tana jin sa. Ko sannu bai ce mata ba.

Mun san sankarar mama ta ci jikinta. Mun je Sakkwato, mun dawo Gusau, ba mu ce dole sai ta warke ba, ajali na Allah ne. Amma ciwon da ba ya warkewa daban, raɗaɗin da ake iya ragewa daban. Akwai morfin na sha, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Yuganda tun 2004 aka ba nas-nas da suka samu horo damar rubuta shi, har gida suke bin majinyata. Mu nan farasitamol aka miƙo mana, tsohuwa na kwana tana murƙususu. Akwai abin yi, ba a dai yi ba.

Bayan wancan rubutu, wani ya ce ma'aikatan asibiti sun yi ƙaranci. Na ji, amma sannu saye ake yi? Wani ya ce za ta saba da maganin. Matar da kwanakinta suka ƙare, sabo da magani ne abin tsoro a kanta? Masu cewa ciwo kaffara ne, Allah ya sa haka, amma wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, bai ɗauke mana nauyin jinya ba. Wanda azaba ta hana shi numfashi, ina ya ga natsuwar da za a laƙƙana masa kalmar shahada?

Akwai abin yi, wallahi. Wata nas mai aikin dare ta nuna mana. Ta zauna bakin gado, ta ce "Inna, ina ke miki ciwo?" Ta koya mana juya ta duk bayan awa biyu kada gyambon kwanciya ya fito, da jiƙa mata leɓe da auduga idan ruwa ya ƙi haɗiyuwa. Daren nan Gwaggo ta riƙe hannunta har ta yi barci. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da Aljanna.

Ku kuma masu zuwa dubiya, don Allah ku bar waya a aljihu. Jiya na ga hoton Gwaggo a Facebook, ba ko ɗankwali, wai ana neman addu'a. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi! Wanda ya saka ya san kansa, ya cire kafin magariba.